Yaya da Zafin Uwar Na'ura

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Yaya ya riga ni komawa kamar yadda ya riga ni zuwa. Ranar Talata da hantsi ya cika, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari.

Ni ba mai rubutu ba ne. Shekara biyu na yi a lakkwal, makarantar boko, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Sauran abin da na iya, a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi da furfura a gemu. Da masu gaisuwa sun yi gaisuwarsu sun tashi, da ban taɓa alƙalami ba.

Ranar farko babu abin da zan ce. Mata suka zo daga Kalfu da Affala a bayan mota, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, suka cika tsakar gida da kuka. Wani tsohon makiyayi daga wajen Tebaram ya zauna bakin tabarma rungume da rediyonsa, bai buɗe ta ba har la'asar. Rana ta biyu ce bakuna suka soma sakuwa. Wani ya ce Allah ya jiƙan mai rediyo, hannunsa na da kyau, in ban da abin nan na furoje. Na kusa da shi ya ce ai kowa da iyakarsa, marigayi ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa ne. Sai wani tsohon magatakardan ofishin furojen, wanda ya zo da babbar riga da turare kamar mai zuwa suna, ya shafa addu'a ya ce su dai tuni suka yafe masa.

Suka yafe masa. A ƙofar gidansa, a kan tabarmarsa, suna shan furar da matarsa ta dama. Na ji kamar in kife musu ƙwaryar a kai, sai na tuna ba su ne suka fi cancanta a kife wa ba.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma har ya mutu Auta yake kirana, ko da jikokina na tsaye. Mai gyaran rediyo ne. Wurin wani Badamagare ya koya tun yana saurayi, ya kafa rumfarsa ta kwano kusa da kasuwar Tawa, bai sake wuri ba. Ba ya buɗe abin gyara sai ya tambayi mai shi yaushe ya soma, ina ake ajiye shi, wa ya taɓa shi daga ƙarshe. Sai ya ɗora bayan hannunsa a jikin abin, ya yi shiru kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, sannan ya sunsuna. Kusoshin da ya kwance a murfin gwangwani yake jera su bi da bi, kuma in ka taɓa ɗaya ka gama shan shayinsa na ranar. Abin da ya fi tsana shi ne ya ga mutum yana marin rediyo don ta yi magana. Yakan tambaye shi ko haka ake yi masa a gida in muryarsa ta dishe.

Matan nan da suka cika gidan da kuka, matan ƴan cirani ne. Mazansu suna Abijan ko Libiya, ba su iya wasiƙa ba, sai su ɗauki muryarsu a kaset su aiko. Kaset ta sha zafin hanya, rediyo ta cinye zaren, mace ta zo da shi a ƙulle a bakin zane kamar hanjin kaza. Yaya ya warware, ya yanke inda ya tsinke, ya liƙa da jan farce. In ya gama sai ya sa mata a rediyonsa, ya tashi ya tafi wai zai sayo goro, ba ya dawowa sai ya tabbata ta ji muryar mijinta ita kaɗai. Ni da na taɓa zama don in ji abin da mutumin Abijan ke gaya wa matarsa, da kunne ya ja ni waje, ina da ƴaƴa biyar a lokacin.

Da aka shiga zamanin jam'iyyu, kowace ta sayi lasifika ta ɗaura a mota, kuma duk wurinsa suke kawowa. Wani jigo ya zo ya same shi da ta abokan hamayya a buɗe a kan tebur, ya raɗa masa cewa ya sassauta waya ɗaya kawai, yadda za ta mutu ana tsakiyar taro. Yaya ya ɗauki lasifikar jigon, wadda bai ma soma gyarawa ba, ya ajiye masa a tsakiyar titi. Rigimar ta kai wurin mai unguwa. Yaya ya ce shi ba ya ɓata abu da gangan ko na arne ne, balle na maƙwabci. Wannan mutumin ne yau ake cewa ya ƙona kayan mutane da ganganci ko da jahilci.

Furojen da suke magana wani ofishi ne na aikin rijiyoyi da irin shuka, wanda turawa suka kawo. Shekarun nan da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ma'aikata suna wata da watanni ba albashi, samun gurbi a wurin ya fi samun sarauta. Yaya suka fara ɗauka yana duba musu wayoyi da fanka da janareto. Wani Bature da ya kafa musu na'urori masu ƙwaƙwalwa ya ga hannunsa, ya zauna ya nuna masa cikinsu kafin ya koma ƙasarsu. Yaya ne kuma ya roƙa mini aikin palanto: shara, aike, riƙe makullai. Ya ce wa darakta ni ƙanensa ne, ya tsaya mini.

Akwai ƙaramin ɗaki mai na'urar sanyi, ba taga, inda aka ajiye babbar cikin na'urorin. Su suna ce mata sarbar, Yaya na ce mata uwa, don duk na sauran ɗakunan ita suke tsotso. Sunayen ƙauyuka da rijiyoyi da manoman da za a ba iri duk suna cikinta. A cikinta akwai wani kati mai faɗin tafin hannu, shi ne waya ke fita daga jikinsa ta haɗa ta da ƴaƴanta, kuma kusa da shi akwai ɗan ma'aunin zafi. Tana ƙarƙashin tebur, bayanta na kallon bango, kuma daga bayan nan iska mai ɗumi ke fita dare da rana. Makullin ɗakin yana aljihuna.

Da damina ta faɗi, sai uwar ta soma kuka. Jan rubutu ya fito a gilashi cewa zafi ya yi yawa wajen katin, ta yi ta tsuwa kamar gyare, in abin ya yi tsanani ta yanke ƴaƴanta, aiki ya tsaya. A aike ni in kira Yaya. In zo in buɗe masa ɗaki. Kafin ya gama kwance kusoshi, lambar zafin ta soma sauka da kanta.

Da wani ne, da ya ce ma'aunin ne ya haukace. Yaya bai ce ba. Ya duba ƴar fankar ciki, tana juyawa. Ya share ta duk da haka. Ya duba na'urar sanyin ɗakin, lafiya lau. Ya zare katin ya mai da shi wani gurbi nesa da ƴan'uwansa don ya sha iska. Ya sayi littafi yana rubuta lokacin da ta yi kuka da lokacin da ta yi shiru. Ya ce wa darakta abu biyu ne: ko ma'auni na ƙarya, ko zafi na gaskiya, kuma ba za a san wanne ba sai an kawo shaida ta biyu. Ya je ya aro ma'aunin zazzaɓi wurin wani malamin asibiti, irin na gilashi wanda in ya hau ba ya sauka sai an girgiza shi. Ya liƙa shi kusa da katin, ya rufe, ya tafi gida. Washegari ya buɗe, ya tarar ya hau har ƙurewa.

Ya kai wa darakta. Mutumin ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce na'ura ba jariri ba ce da za a sa mata wannan a hammata. Yaya ya ce ko jariri ce ko ba jariri ba, tana zafi in ba ya nan, tana hucewa in ya zo, saboda haka a bar shi ya wuni a ɗakin. Ya wuni. Ranar ko tari ba ta yi ba. Darakta ya buga tarho Yamai, injiniyan da ke can, wanda bai taɓa taka Tawa ba, ya ce ma'aunin ne ya lalace, a kashe kukan kawai a ci gaba da aiki.

Yaya ya ƙi. Ina tsaye bakin ƙofa da tsintsiya lokacin da ya ce:

"Ranka ya daɗe, ba ni toshe bakin mai ciwo don in ji daɗin barci. In kuna so ku yi da hannunku."

Suka yi da hannunsu. Magatakarda ya riƙe tarho a kunne, injiniya na gaya masa abin da zai danna, kukan ya mutu. Aka ce wa Yaya kada ya sake shiga ɗakin sai an neme shi.

Yanzu sai in faɗi abin da ke bayan uwar.

Ƙwan zabi ne, guda ashirin da huɗu. Kowa a ƙasar Adar ya san zabuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwanta. Na samo su daga wani ɗan'uwan matata a Kalfu, na sa wa kazata, ta kwanta kwana uku, muzuru ya ɗauke ta. Ina shara washegari, na sunkuya ƙarƙashin tebur, iskar nan ta bugi fuskata, ɗumi daidai na cikin kaza. Na ce wannan arziki ne ake zubarwa a bango. Na cika ƙwarya da ƙaiƙayi, na jera ƙwai, na tura ta tsakanin uwar da bango, na lulluɓe su duka biyun ta baya da tsohon bargo don kada sanyin ɗakin ya kama su. Daga gaba ba ka ganin komai. Kuma tun da ni ake aika in kira Yaya, ni ke buɗe masa, kullum sai na janye ƙwaryar na ɓoye a ɗakin tsintsiya kafin ya iso. Ranar da ya wuni, a gida suka wuni cikin hatsi.

Ko na san ni ne? Na sani, ban kuma sani ba. Na gaya wa kaina bargo ba ya cizo. Na gaya wa kaina saura kwana kaɗan su ƙyanƙyashe in huta. Da injiniyan Yamai ya ce ma'auni ne ke ƙarya, babu wanda ya gaskata shi da zuciya ɗaya kamar ni. Mai digiri ya yi magana, wane ne palanto? Da na ga kukan ya daina, sai na ƙara wani tsumma a kan bargon, don an yi ruwa garin ya yi sanyi.

Kwana huɗu aka yi. Na buɗe ɗakin da safe na ji ƙauri. Na fizge ƙwarya da bargo na ruga da su, sannan na dawo ina salati tare da kowa. Katin ya ƙone, ya ja wani abu a cikin uwar ya bi shi. Sunayen manoma suka maƙale a ciki, rabon iri ya makara, ƙauyuka da dama suka shuka a ƙurarren lokaci. A karon nan injiniya ya zo da kansa. Ya ga an taɓa kusoshi, ya ga kati ba a gurbinsa na asali ba, ya ga sauran liƙin ma'aunin zazzaɓi. Ya rubuta cewa wani mai gyaran rediyo mara takarda ya yi wasa da na'urar. Maganar kashe kukan da ya ba da umarni, ko layi ɗaya ba ta samu ba. Darakta ya sa hannu, magatakarda ya buga hatimi.

Yaya ya roƙi a bar shi ya leƙa sau ɗaya. Ya durƙusa, ya tura hannu bayanta, ya shafa ragar da iska ke fita, ya dubi yatsunsa, ya sa hannun a aljihu. Ya miƙe ya ce ba shi da abin cewa. Suka sallame shi nan take.

Bayan la'asar ya zo gidana. Ya zauna a kan turmi, ya buɗe tafin hannu, ga ƙaiƙayi da ɗan gashin tsuntsu mai ɗigo-ɗigo.

"Auta, nawa suka ƙyanƙyashe?"

Na ce ko ɗaya. Sun dahu.

Bai yi dariya ba, bai zage ni ba, kuma na fi son ya yi ɗaya daga ciki. Ya ce ba aikin ya fi ci masa rai ba. Abin da ya ci masa rai shi ne kusan mako uku yana tambayar wa ya taɓa ta daga ƙarshe, ya tambayi kowa a ofishin, bai tambaye ni ba, don bai zaci akwai buƙata ba. Na ce gobe zan je in faɗa. Ya ce in na faɗa jandarma za a kira, kuma a gidana baki tara ne, shi kuwa rumfarsa na nan.

"Muddin ina numfashi kada ka buɗe baki. Ka ji ni?"

Na ji shi. Na ji shi da sauri ƙwarai, wannan ma ina faɗa ne don a sani.

Rumfarsa na nan, amma ba yadda ya bar ta ba. Garin nan da ya yi shekara arba'in yana gyara wa, mako ɗaya ya ishe shi ya juya. Masu talabijin da bidiyo suka koma wurin wani da bai san bambancin waya mai wuta da igiyar shanya ba. Aka bar masa tsofaffin rediyo da fitilun hannu. Masu shayi suka laƙaba masa mai ƙona kayan turawa, kuma jigon lasifikar nan shi ya fi kowa yaɗa sunan. Ba wanda ya tambayi wa ya kashe kukan. Ba wanda ya ce ai mutumin nan ya gaya musu zafin na gaskiya ne. Takarda ta fito daga Yamai da hatimi, shi ke nan, kamar daga sama ta sauko. Ni kuwa na ci gaba da sharata da makullaina har furojen ya naɗe tabarmarsa, ina gaishe da darakta ina rusunawa. Duk Juma'a Yaya ya biyo ta gidana mu tafi masallaci tare, bai taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗaya kawai, ana cin abinci aka kawo dafaffen ƙwan zabi, ya tura mini kwanon gabana ya ce ni ne gwani.

Ranar sadakar uku, da gari ya waye sosai, na shiga ciki wurin matarsa. Tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidan, amma ranar ban san ta inda zan fara ba. Na durƙusa na kwashe duka na gaya mata, daga muzuru har ƙauri. Da na gama ta ce ita ce ta wanke rigar da ya sa ranar da aka sallame shi, kuma ta san ƙaiƙayi ba ya shiga aljihun mai gyaran rediyo da kansa. Bai gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma ta san gidan da ya je da la'asar.

Na ce ta yafe mini.

"Ba ni aka kira mai ƙona kaya ba, Auta. Kuma ba cikin ɗaki aka kira shi ba. Mutane na waje, tashi."

Na fita. Tabarmi sun cika har bakin titi, liman ya ɗaga hannu zai soma addu'a. Na ce a dakata mini. Na tsaya a tsaye, na faɗa kamar yadda na rubuta a nan, ban rage ƙwai ko ɗaya ba. Da na zo kan bargon wasu suka fashe da dariya, wurin makoki, har wani na share hawaye. Na bar su suka gama. Sannan na ce dariyar tawa ce, na cancance ta, su riƙa yi mini ita har in mutu, amma duk wanda ya taɓa kiran wana da sunan nan ya janye shi yanzu, a nan, kafin a shafa.

Na ɗauka ba mai motsi. Sai mai shayin bakin kasuwa ya cire hularsa ya ce shi ya faɗa, ya fi sau ɗari, Allah ya yafe masa. Wani ya bi, wani ya bi. Wasu suka sunkuyar da kai suna wasa da yashi, kuma na ga fuskokinsu, ina riƙe da su. Liman ya jira har aka gama, sannan ya gyara zama ya ce addu'ar da zai yi ta canza: ba gafarar ɓarna za a roƙa wa mamacin ba, ladan wanda aka zalunta ya yi shiru za a roƙa masa.

Na zauna a ƙarshen tabarma, inda takalma suke. Ba wanda ya matsa ya ba ni wuri, kuma daidai ne.